Yadda ake lissafa nisa da tsawon tafiyar jirgin sama daga Landan zuwa New York

Da farko ka tantance filayen jirgin da kake nufi, domin Landan da New York kowanne yana da fili fiye da ɗaya. Kowane fili yana da lamba ta haruffa uku. Na Heathrow da ke Landan LHR ne, na John F. Kennedy da ke New York kuma JFK. Da waɗannan biyun za mu yi aiki.

Sai neman nisan, kuma a nan ne taswirar bango take ruɗin mutane. Duniya zagayayyiya ce, saboda haka layin da ka ja da rula a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda ba shi ne hanya mafi kusa ba. In kana da ƙwallon taswirar duniya, ɗora zare a kan Landan, ka ja shi ya miƙe tsam har New York. Za ka ga ya karkata arewa, ya bi ta Ireland da gabashin Kanada. Wannan ce hanyar da jirage ke bi kusa da ita. In babu ƙwallon, rubuta LHR-JFK a shafin intanet na Great Circle Mapper, zai ba ka kimanin kilomita 5,550. Ka lura da ma'aunin, don matuƙa jirgi da mil na teku suke aiki, wanda ɗaya ya yi daidai da kilomita 1.852.

Yanzu raba nisan da gudun jirgi. Manyan jiragen fasinja suna yin kusan kilomita 850 zuwa 900 a awa. 5,550 a raba da 850 ya ba ka awa shida da rabi. Ƙara rabin awa ko fiye na tafiya a kan titin fili, hawa sama da saukowa. Ka samu awa bakwai ke nan.

Kada ka tsaya nan, domin iska tana da nata hukuncin. A can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, akwai wata kwararar iska mai ƙarfi da ke tasowa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa New York da ita yake karo, sai tafiyar ta kai kusan awa takwas. Mai dawowa Landan kuwa tura shi take yi, awa bakwai ko ƙasa da haka. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin Boeing 747 na British Airways ya dawo cikin awa 4 da minti 56 kacal. Ni dai wannan mataki ne na fi so mutane su riƙe, don shi ake yawan mantawa.

Duba kuma ko an rufe wani sararin samaniya a hanyar. Tun 2022 da Rasha ta rufe nata ga jiragen Turai, tafiyar Helsinki, babban birnin Finland, zuwa Tokyo ta tashi daga kusan awa 9 zuwa wajen 13.

Abu na ƙarshe shi ne agogo. Lokutan da ke kan tikiti na garin da aka tashi da garin da za a sauka ne, kowanne da nasa. In ka ga tashi daga Landan ƙarfe 10 na safe, sauka New York ƙarfe 1 na rana, kada ka ɗauka awa uku ce. Landan tana gaban New York da awa biyar a mafi yawan shekara, sai ka haɗa uku da biyar, awa takwas ke nan a cikin jirgi. A dawowa kuma cire biyar ɗin za ka yi.