Yadda Ake Shirya Tattakin Yini Ɗaya a Gaɓar Kogi Lokacin Bazara

A kudancin Jihar Kano, wajen Tudun Wada da Doguwa, Kogin Kano yana ratsa duwatsu da dajin Falgore kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Da bazara ruwa yakan ja baya, rairayi da duwatsun cikin kwari su fito fili, har jama'a su iya bin gaɓa da ƙafa. Sai dai tafiyar tana da sharuɗɗa.

Kafin a sa rana, a tura mutum biyu su gaida dagaci ko mai unguwar ƙauyen da za a tashi daga cikinsa, su faɗi adadin masu zuwa, su nemi a haɗa su da mafarauci ko ɗan sintiri da ya san dajin. Wannan shi zai zama jagora, kuma idan ya ce wani yanki ba shi da aminci a wannan mako, to a fasa ba tare da gardama ba. A ganina ayari kada ya wuce mutum 12, domin fiye da haka ƙirga kai yakan yi wuya. A sa mai ƙarfi ɗaya a can baya, kada kowa ya zauna a bayansa.

Lokaci shi ne ginshiƙin shirin. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40, saboda haka a kama hanya da an idar da sallar asuba, a juyo tun hantsi, azahar ta riski kowa a inuwa kusa da gari. Kowane mutum ya riƙe ruwan sha aƙalla lita 3, da ƙullin gishiri da sukari, da guzuri mara nauyi kamar dabino da ƙuliƙuli da gurasa. A sa malafa da takalmi rufaffe, ban da silifa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ruwan da ba a ga saukarsa ba. Damina tana riga faɗuwa a tsaunukan kudu, don haka kwarin da yake a bushe yana iya cika cikin ɗan lokaci alhali rana tana ƙwallewa a inda kuke. Idan aka hango hadari ta kudu, ko aka ga ruwa ya fara yin ja yana ɗauko ganye da kara, a hau tudu nan take, kada a tsaya tattara kaya. Gurbin da ruwa ya kwanta kuwa, komai kyansa, kada a yi wanka a ciki, domin nan ake kamuwa da tsargiya.

Kada a cusa hannu a kogon dutse, saboda macizai da ƙudan zuma. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tamau. A kwantar da shi, a hana shi motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Za ku tarar da masu noman rani a fadama da makiyaya a mashaya. Ku yi musu sallama, ku kauce wa lambu, ku bar shanu su gama sha kafin ku ƙetare, kuma kada a ɗauki hoton matan da ke wanki a bakin ruwa. Da an dawo gari, a sake ƙirga kai, sannan a koma wurin dagaci a shaida masa cewa kowa ya fito lafiya.