Fijon Baba: yadda za ka gane lokacin riƙe tsohuwar mota da lokacin sakinta

Fijo 504 ce, fara, mai kujeru ruwan ƙasa, haɗin Kaduna. Baba ya saye ta a 1982 da rancen mota lokacin yana aikin gwamnati. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, 'yan'uwana suka yarda ta zo hannuna, aka yi mata kuɗi aka cire daga rabona. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wurina, kuma babu shekarar da ba a taya ta ba. Wani ya tare ni a gidan mai, wani ya biyo ni har ƙofar masallaci. Duk wanda ke da irin wannan mota ya san tambayar da ke hana barci: har yaushe zan ci gaba da riƙe ta?

Ban ga laifin mai ƙaunar 504 ba. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 ta ci gasar Safari ta Kenya, shekarar da PAN, kamfanin Fijo na Najeriya, ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna. Turawa sun daina yin salun ɗinta tun 1983, mu kuwa Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Ita ta ɗauki gwamna, ita ta ɗauki amarya, ita ta ɗauki buhunan masara daga Giwa. Amma ƙauna ba ta hana ƙarfe ruɓewa, shi ya sa nake da ƙa'ida: sau ɗaya a shekara, bayan ɗaukewar damina, nakan zauna in yi wa motar hisabi. Ka zaɓi naka lokacin ka tsaya a kansa, don kada ka yanke hukunci ranar da ta mace maka a tsakiyar kasuwa ranka a ɓace, ko ranar da wani ya zuba maka kuɗi a gaba kana cikin matsi.

Abin da za ka fara tambayar kanka shi ne sau nawa ka hau ta a wata ukun da suka wuce. Ka faɗa wa kanka gaskiya. Tsohuwar mota tafiya ce ke raya ta. In ta yi wata biyu a tsaye, fetur ya fara lalacewa ya bar danƙo a kafireta, batir ya sauka, birki ya cije, tayoyi su tsattsage ta gefen da rana ke duka, ɓeraye su shiga ƙarƙashin bonet su ci wayoyi. Ni kowace Juma'a da ita nake zuwa masallaci, sannan in zaga da ita kamar kilomita ashirin don inji ya yi zafi sosai. Tayar da ita a tsakar gida na minti biyar bai wadatar ba, don ruwan da ke taruwa a salansa da cikin baƙin mai ba ya ƙonewa sai ta yi tafiya. In ka lissafa ka ga ba ka iya ba ta ko fita biyu a wata, kuma ba ka hango sauyi, to ka fara neman mata wani hannu tun tana tashi. A unguwarmu akwai wata 504 da aka ɗora kan duwatsu ƙarƙashin dalbejiya, mai ita ya ce sai ya sami sarari zai gyara. Yanzu kaji ke ƙwai a kujerar baya. Duk lokacin da na wuce sai zuciyata ta yi nauyi, domin na san ta lokacin tana zuwa Kano ta dawo a yini.

Sai jiki. A nan nake so ka daɗe, domin yawancin mutane inji suke saurara su manta da abin da ke ɗauke da injin. Injin 504 mai lita biyu ana iya sabunta shi sau da yawa. Silinda ɗinsa hannun riga ne da ake zarewa a sa sabo, a canza fistin da zobba, ya dawo yana kaɗawa lafiya. Giya ma ana gyarawa. Tsatsa ce ba ta da sassauci. Mu a Arewa mun yi sa'a, iskarmu busasshiya ce, ba kamar Legas ko Fatakwal ba inda gishirin teku ke cin mota, amma damina ɗaya da ruwa ya kwanta ƙarƙashin kafet ta isa ta fara ɓarna.

Ga yadda nake yi. Nakan kai ta kan rami da safe, in shiga da tocila da sukurdireba. In ɗaga kafet ɗin gaba da na baya in danna daɓen da bakin sukurdireba. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ya yi laushi, wani lokacin ya ɓurma. In duba ƙarƙashin batir, inda ruwan batir ke ɗiga, da saman inda shokozoba ta gaba ke ɗaure, da ƙasan ƙofofi, da wurin da ake kafa jak, da gindin but. Nakan ɗauki ɗan maganaɗisu in bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cika aka shafe da fenti. Tsatsar ƙofa ko ta fuka-fukin taya ba ta tsorata ni, mai walda nagari zai yanke ya sa sabon ƙarfe. Amma in ta kai ga wuraren da ke riƙe ƙafafun mota, ko ka ga ƙofofi sun daina rufuwa daidai saboda jikin ya fara lanƙwasa, to kwananta a hanya ya kusa ƙarewa, sai dai in kana da kuɗin da za a kwance ta gaba ɗaya a sake gina ta.

Bayan ƙarfe sai mutum. Wa ke gyara maka? Makanikina shi ya yi wa Baba aiki, yanzu ya haura saba'in. Da kunne yake saita kafireta, ya kan ɗora tafin hannunsa a kan inji ya ce wace fulogi ce ba ta ci. Bara ya kalle ni ya ce, "Ɗana, idona ya fara gajiya. Ka riƙa kawo ta ranar da yaron nan yake nan, ya koya a kanta." Na ce, "To Baba, Allah ya ƙara lafiya." Wannan magana ta fi komai tayar mini da hankali, domin matasan makanikai da yawa na'ura suka saba jonawa ta gaya musu ciwon mota, ba su taɓa gyara kwantak, abin da ke sarrafa wutar fulogi a tsofaffin motoci, ba. In a garinku babu wanda ya san motarka, kuma kai ba ka shirya koyon ƙananan gyare-gyare da hannunka ba, ka rage shekarun da kake sa ran riƙe ta.

Kayan gyaran 504 har yanzu ana samu a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, sai dai na asali suna ƙaranci, jabu sun yi yawa. Abin da ya fi wuya shi ne gilasan fitilu, robobin ƙofa da na gilashi, da ƙananan kayan ado na ciki. In ka ga nagari ka saya ka ajiye ko ba ka buƙata yau. Ranar da ka yi wata uku kana neman abu ɗaya ba ka samu ba, ka rubuta wannan a lissafinka.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Ka sami littafi ka riƙa rubuta duk abin da ka kashe, har kuɗin sabunta takardu da inshora. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu, kuma mota mai kafireta ba ta san tsimi ba. Kada ka auna abin da kake kashewa da farashin motar a kasuwa, don kusan kullum gyaran tsohuwar mota yana fin abin da za a taya ta. Ka auna shi da gidanka. Ni iyakata ita ce, ranar da gyaranta ya taɓa kuɗin makarantar yara ko cefanen gida, ko ya sa na ci bashi, ta tashi daga abin tunawa da Baba ta koma nauyi a kan jikokinsa, kuma na san shi da kansa ba zai yarda ba.

Akwai kuma lafiyar waɗanda kake ɗauka. Motar 1982 ba ta da jakar iska, ba ta da birkin zamani mai hana taya kullewa. Na daina hawa babbar hanya da ita da daddare, na daina ɗaukar yara a cikinta zuwa nesa. Man birki nakan canza duk shekara biyu domin yana shan danshi, tayoyi kuma ina duba lambobi huɗun da ke gefensu masu nuna mako da shekarar da aka yi su, ko da zanensu bai cinye ba. In tsohuwar motar ita kaɗai gare ka, kuma ita ke kai iyali asibiti da tsakar dare, hisabinka ya kamata ya fi nawa tsanani.

Abin da mutane suka fi gudu shi ne maganar bayan rai. In ka rasu motar ta shiga gado, za a yi mata kuɗi a raba, kuma magada ba dole ne su ji abin da kake ji game da ita ba. Ka tara 'ya'yanka ka tambaye su. Na tambayi nawa. Babban ya ce, "Abba, gaskiya ni ba zan iya wahalarta ba," kuma na ji daɗin da bai ɓoye mini ba. Ƙaramar ce, wadda ke karatun injiniya, ta ce a koya mata tuƙi a cikinta. In akwai mai so a gidanka, ka fara sa hannunsa a kai tun yanzu, kuma ka tambayi malami yadda ake kyauta a miƙa ta tun kana raye ba tare da an tauye sauran ba. In babu, gara ka zaɓa mata mai ita da kanka.

In ka yanke shawarar sayarwa, ka sayar tana tafiya da ƙafarta, takardunta cikakku, lambar inji da ta shasi sun dace da abin da ke rubuce. Ka haɗa wa mai saye da littafin gyaranka da kayan da ka tara, ka faɗa masa aibinta duka. Ka lura da tambayoyinsa: mai son ta zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya tambayi makanikinta, mai niyyar farfasa ta kuwa inji da giya kawai zai taya. Ka yi yarjejeniya a rubuce da shaidu, a canza sunan mallaka. Kafin ta fita, ka ɗauke ta hoto tare da iyali a ƙofar gida.

Hisabin bana na yi shi makon jiya. Daɓe lafiya, ƙofofi suna rufuwa da ƙara ɗaya, amma sukurdireba ya shige ƙarƙashin batir, rami kamar faɗin kwabo. Ranar Asabar za mu kai ta wurin mai walda, ni da ƙaramar, ita za ta tuƙa. Na rubuta a littafi cewa zan riƙe ta zuwa ƙarshen damina mai zuwa, in Allah ya kai mu, sannan in sake shiga ramin da tocila.