Kafin ka sayi doguwar bindiga mai cin harsashin fistol a Amurka

Asabar ɗin da ta wuce wani ƙanena da muke masallaci ɗaya a nan Houston ya raka ni filin harbi. Ya ga na zuge jakar goyo, na ciro bindiga a rabe gida biyu, na haɗa ta ƙyas. Ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Yaya, wannan fa? Ita ba raifil ba, ba fistol ba." Na ce masa jemage ke nan. Amurkawa PCC suke ce mata: doguwa ce, a kafaɗa ake dafe ta, amma harsashin fistol take ci, galibi 9mm. Dabarar ta tsufa. Tun fitowar Winchester ta 1873 mai harsashin .44-40, da Colt ya biyo baya da libarba mai cin irinsa, makiyayan yammacin Amurka suke ɗaukar albarushi iri ɗaya ga doguwa da gajera.

A fara da doka. Ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin yana iya saye a shago, zai cike fom mai lamba 4473 a binciki tarihinsa. Mai bizar karatu ko ziyara, galibi an hana shi. Hancin bindigar, wato bututun da harsashi ke fita ta cikinsa, bai kamata ya gaza inci 16 ba, in ya gaza sai da rajista ta musamman, shi ya sa duk waɗanda zan ambata suke inci 16 ko sama da haka. Jihohi kamar Kalifoniya da New York sun tsayar da gidan harsashi, wato abin da ake loda harsasai a ciki a maƙala wa bindiga, a kan harsashi 10. Kuma kada ma ka yi tunanin cusa ta a kwantena zuwa gida, shigar da makami Najeriya ba izini hanyar gidan yari ce.

Ni tambayar da nake fara yi wa kowa ita ce: wace fistol gare ka a gida? Domin a nan na yi tuntuɓe. Ta farkon da na saya, araha ce ta ruɗe ni, ban duba ba. Na dawo gida na ɗauko gidajen harsashin fistol ɗina guda biyar, ko ɗaya bai shiga ba. Sai da na sake sayen wasu, kuɗin da na yi murnar ragewa ya koma inda ya fito. Ruger PC Carbine tana zuwa da mazaunin gidan harsashi biyu a kwali, ɗaya na Ruger, ɗaya na Glock, kai za ka musanya. Kel-Tec SUB-2000 akwai mai cin na Glock. Smith & Wesson FPC na dangin fistol ɗinsu M&P take ci. Hi-Point 995 kuwa nata kawai ta sani, mai ɗaukar harsashi 10.

Farashi yana hawa yana sauka, amma jerin bai cika canzawa ba. Hi-Point ce a ƙasa, dala 300 da wani abu. Kel-Tec wajen 500. FPC da Ruger tsakanin 600 da 700 da ɗoriya. CZ Scorpion ta kan taɓa 1,000, SIG MPX kuwa wajen 2,000, wannan ta 'yan gasa ce da waɗanda aljihunsu ya yi nauyi. Sai dai kuɗin da ke jikin takarda rabin zance ne. Ka ƙara madubin saiti mai jan ɗigo, da gidajen harsashi, da akwatin ƙarfe mai makulli, musamman in akwai yara a gidan. Inda za ka huce shi ne wajen albarushi: kwalin dubu na 9mm nakan same shi wajen dala 250, na raifil 5.56 kuwa ya kusa ninka haka.

Hi-Point mummuna ce, wannan ko masoyanta ba sa musu. Amma tana harbi, kuma kamfanin da ke Ohayo yana gyara ta kyauta muddin tana nan. In kuɗinka ke nan, ba abin kunya ba ne.

Batun ɗauka shi ne inda mutane suka fi ruɗewa, bari in daɗe a kansa. SUB-2000, wadda ta fito tun 2001, tana naɗewa biyu ta sama, ta koma inci 16 da kaɗan, nauyinta wajen kilo 2. Jakar kwamfuta ma ta ishe ta. Tsofaffin samfurinta ba sa naɗewa in an ɗora musu madubi, sai ta uku da aka fitar a 2024 aka sa gabanta yana juyawa don madubin ya kauce. FPC ta 2023 a gefe take naɗewa, madubi na zaune daram, kuma gindinta yana ɓoye gidajen harsashi biyu. Ruger, wadda ta fito ƙarshen 2017, ba ta naɗewa, rabuwa take yi: ka danna ɗan ƙarfe, ka murɗa, hancin ya fita. Nauyinta ya ɗan haura kilo 3. Hi-Point yadda ka gan ta haka za ka ɗauke ta.

To me ya sa na zaɓi Ruger mai nauyin? Yawancin waɗannan bindigogi ba su da abin da ke kulle harsashi lokacin tashi, nauyin ƙarfen da ke bayansa da sifirin ne kaɗai ke tare shi. Kowane harbi wannan dunƙulen ƙarfe yana zuwa baya ya dawo. In bindigar shafal ce, kumatunka da kafaɗarka ne za su karɓi dukan. A SUB-2000 kumatunka a kan bututun da ƙarfen ke zirga-zirga a ciki yake kwanciya, ga saitin a ƙasa, sai ka dunƙule wuya. Ruger sun sa wani nauyin tangistin a cikin ƙarfen nata yana rage bugun. Ni daga mota zuwa teburin harbi taku ashirin ne, amma harsashi 200 nake ƙonawa a zama ɗaya. Mai yawon daji da jaka a baya lissafinsa daban ne, shi mai naɗewa ta fi masa.

Amfaninta fa? Saiti. Mutumin da ke kuskuren faranti da fistol a yadi 15, ba shi wannan, zai same shi a yadi 50 ranar farko, don hannu biyu da kafaɗa da kumatu duk sun riƙe ta. Har yadi 100 tana aiki, daga nan harsashin ya fara sunkuyawa. Filayen harbi na cikin gini da yawa harsashin fistol kawai suke yarda da shi, wannan tana shiga. Ƙungiyar gasa ta USPSA ma ta ware mata rukuni tun 2016. Ƙararta ba ta kai ta raifil ba, amma ka toshe kunne duk da haka.

Kada dai ka ɗauka dogon hanci zai mai da 9mm harsashin farauta. Ƙarin gudun da yake samu kaɗan ne. In barewa kake nufi, nemi mai hannun lilo irin Marlin 1894 ko Henry mai cin .357 Magnum, shi wannan harsashin yana ƙara ƙarfi sosai a dogon hanci.

Kafin ka ciro kati, je filin da ke ba da haya, ka harba 50 a kowacce. Ka lura da kumatunka, da ko idonka yana faɗawa kan saiti ba tare da ka lanƙwasa wuya ba. In bahago ne kai, duba ta wane gefe kwanso ke fita, da ko ana iya mai da hannun ɗanawa ɗaya gefen, kamar yadda ake yi a Ruger.

Ƙanen nawa ya harba gidan harsashi biyu da tawa, ya ajiye, ya tambaye ni ko za ta shiga ƙarƙashin kujerar motarsa. Na ce ya fara zuwa ya karanta dokar ɗaukar makami a mota, ya kuma gaya wa mai ɗakinsa. Fistol ɗinsa M&P ce, don haka Asabar mai zuwa FPC za mu karɓa haya.