Yadda na hana soket watsewa a keken kayan aiki

Matsalar ita ce, da an tura keken a garejinmu, ƙasa ba siminti, sai soket, wato kawunan sifana na kwance noti, su cakuɗe a durowa, lamba 10 kuwa kullum nemanta ake. Na zuba su a gwangwanin madara, laluben bai ragu ba. Maganaɗisu ya riƙe su, amma ya tara garin ƙarfe.

Abin da ya yi aiki: na yanko katako mai kaurin milimita 18 a Panteka, daidai faɗin durowar sama. Na huda layi uku, na zuro kusoshi masu zare daga ƙasa, na ɗaure da noti. Soket na zama a kan kusoshin: M6 (kaurin milimita 6) ga soket masu bakin kwata inci, M8 ga na 3/8, M12 ga na rabin inci. A layin rabin inci na bar tazarar santimita 5, in ba haka ba lamba 30 da 32 sai su gogi juna. Na shimfiɗa tsohuwar roba a ƙarƙashi don kada katakon ya zame, na rubuta kowace lamba da farin fenti.

Guduma da manyan sifanu sun koma durowar ƙasa, keken ya daina rinjaya in an ja ta sama. Alhamdulillahi, mun huta.