Kafin ka sa hannu a takardar haya, hau benen sau biyu

Tambayoyin sabon zuwa Ingila ba sa wuce uku: ina masallaci, ina ake sayar da naman halal, wane layin waya ya fi sauƙi. Waɗannan ba sa cin mako guda, domin mutanenmu, Allah ya saka musu, ba sa barin baƙo ya yi ta lalube. Rajista da likitan unguwa ma cike fom ne kawai. Abin da ban taɓa jin wani ya tambaya ba shi ne matakalar gidan da zai kama, alhali ita ta kwantar da ni a shekarata ta farko.

Yawancinmu a gidan ƙasa muka tashi, daga zaure sai tsakar gida. Nan kuwa gidajen da aljihunmu ke iya kaiwa a Lids, Biradfod ko Manchesta, tsoffin gidajen jere ne na jan bulo ko na dutse, da yawansu tun zamanin Sarauniya Biktoriya aka gina su don ma'aikatan masaƙu. Matakalarsu a tsaye take kamar tsani, ga ƙunci, ga duhu. Sai ka zo mata da jallabiya har ƙasa da safa a ƙafa, uwargida kuma da zani da goyo.

Akwai ƙa'idar gini a kan wannan. A sabon gida, tsayin kowane taki bai kamata ya wuce santimita 22 ba, faɗin inda za ka ɗora ƙafa kuma kada ya gaza santimita 22. Daga taki zuwa rufin da ke saman kanka a samu mita 2. Abin dafawa ya kasance tsakanin santimita 90 da mita 1, sandunan gefe kuma kada ratarsu ta kai santimita 10, don kada kan yaro ya shige. Sama da ƙasa dole a bar fili, wanda suke kira landin, tsawonsa aƙalla daidai da faɗin matakalar. Amfaninsa ka tsaya ka daidaita kafin ka fara sauka, in kuma ka zame ya tare ka. Sai dai ba a tilasta wa tsohon gida ya koma kan sabuwar ƙa'ida, don haka ka je duba gida da tef ɗin tela a aljihu, kar ka ji kunyar ejan.

Ni gidan da na kama, ƙofar ɗakin kwana tana buɗewa kai tsaye kan takin farko, babu fili ko na tafin hannu. Kafet ɗin ya saki a baki, abin dafawa kuma an cire shi lokacin fenti ba a mayar ba. Na gani ranar da na je dubawa, amma sanyi ya ishe ni a ɗakin aro, na ce ai ba komai. Wata asuba na fito alwala ban kunna fitila ba, sai ji na na yi a ƙasa, idon sawu ya karye.

Wahalar gaske bayan nan ta fara. Sau uku na gaya wa mai gidan kafin faɗuwar, amma duk da baki, a waya, da ladabi irin namu, har ina tambayar iyalinsa. Da na koma masa da sanda a hammata, sai ya ce bai tuna mun yi maganar ba. Nan ƙasar, abin da ba a rubuce yake ba kamar ba a faɗe shi ba ne. Ranar da ka karɓi makulli ka ɗauki hoton matakala, ka tura ƙorafi ta imel, ka ajiye amsa. In ya yi kunnen uwar shegu, ka kai wa sashen duba lafiyar gidaje na ƙaramar hukuma. Dokar gidaje ta 2004 ta ba su ikon shigowa su duba, faɗowa daga matakala na cikin haɗuran da suke aunawa, kuma suna iya tilasta masa gyara. Ƙungiyoyin taimakon jama'a irin su Shelter da Citizens Advice na ba da shawara kyauta. Kada ka riƙe kuɗin haya don fushi, kai za ka koma mai laifi. Har yau ina jin masu cewa "kar mu ja magana, mu baƙi ne." Malam, kuɗinka kake biya.

Wani laifin kuma namu ne. Mun mayar da filin matakala wurin jibge takalma, keken yara da buhun shinkafa. A benaye masu gidaje da yawa, wannan filin shi ne hanyar gudu in gobara ta tashi. Benen Grenfell da ya ƙone a Landan a 2017, inda mutum 72 suka rasu, matakala ɗaya tak gare shi. In mai kula da gini ya manna takarda a kwashe kaya, ba wariya ba ce, ku kwashe.

Masu yaro mai rarrafe, ku sa 'yar ƙofar tsaro sama da ƙasa. Ta saman ku sayi wadda ake ɗaurewa da sukuru a bango, domin mai matsewa tana da ƙarfe a ƙasa da ke harɗe ƙafa. Ku nemi izinin mai gida kafin ku huda bangon, shi ma a rubuce.