Kurakuran da sababbin ma'aikata suka fi yi wajen lissafin kayan hoto da sauti a gidan tarihi

Duk sanda aka turo sabon ma'aikaci ko ɗalibi mai neman sanin makamar aiki zuwa sashen ɗaukar hoto na gidan tarihi, na san abin da zan tarar kafin wata ya ƙare. Zan buɗe kwamfuta in ga folda mai suna "sababbin hotuna", a cikinta kuma akwai wata "sababbin hotuna 2". Zan tambayi caja a ce mini wane ne ya ɗauka jiya, wanen kuma ya rantse bai ma leƙo ofis ba jiya. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba dokar wata hukuma zan kawo ba. Yadda nake aikina ne, kuma yawancinsa sai da na ji a jikina sannan na koya.

Bari in fara da kuskuren da ya fi cin raina, wato barin hoto da sunan da kyamara ta raɗa masa.

Kyamara ba ta san abin da ka ɗauka ba, ƙirga kawai take yi. Ta Canon za ta ba ka IMG_0001, ta Nikon ta ba ka DSC_0001, a yi ta tafiya har 9999, daga nan ta koma farko. Wata ma da zarar ka saka mata sabon katin ajiyar hoto sai ta sake ƙirga daga ɗaya, idan haka aka saita ta. A shekarata ta biyu a wannan aiki aka ba mu tsofaffin kwabbai mu ɗauka, kowanne gaba da baya. Mu biyu ne, da kyamara biyu iri ɗaya, muka yi mako uku muna aiki. Ranar ƙarshe na haɗa katunan duka na juye su cikin folda guda. Kwamfuta ta tambaye ni ko ta maye gurbin fayilolin da suke da suna iri ɗaya, ni kuwa ga gajiya ga son tashi, na danna e. Aikin abokina na kwanaki ya bi ruwa a wannan dannawa ɗaya, kafin mu farga kuma mun riga mun goge katunan.

Wannan ma da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Hotunan da suka tsira, ba mu iya cewa ga na wane kwabo ba ne. Tsohon kwabo da ya ci ƙasa, in ka jera goma a allo, duk kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Ba lamba a cikin hoton, ba lamba a sunan fayil, sai wata takarda da muka riƙa rubuta jeri a kai, wadda ta daina amfani tun daga inda ɗayanmu ya sake ɗaukar wani kwabo sau biyu bai rubuta ba. Dole aka sake buɗe ma'aji, aka sake fito da kayan, aka sake taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Mai kula da ma'ajin bai yi mini faɗa ba, kallo kawai ya yi mini, kuma har yau gara a ce zagi ya yi.

Tun daga ranar ga abin da nake yi, ba na kuma sassauta wa kowa. Kafin in ɗauki abu, hoton farko na takardar lambarsa ne. Sannan a hoto na biyu lambar tana kwance a gefen abin, tare da rula da katin launi, irin mai murabba'i 24 ɗin nan da ake daidaita launi da shi. Ko da wata rana sunan fayil ya lalace, hoton da kansa zai faɗi ko na wane ne. Sai canza suna, kuma a ranar ake yi, ba gobe ba. Yawancin gidajen tarihi suna ba kaya lamba mai kashi uku: shekarar da abin ya shigo, rukuni na nawa ne a shekarar, da abu na nawa ne a rukunin, misali 2019.14.3. Sunan fayil ɗina sai ya zama 2019-14-3_gaba_01. Ba na barin gurbi tsakanin kalmomi, ba na kuma saka ƙ ko ɗ ko ɓ a sunan fayil, duk da ina son haruffanmu, domin na sha ganin sun rikiɗe sun koma wasu alamomi idan fayil ya tashi daga wata na'ura zuwa wata. Kwanan wata kuwa shekara ce a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2024-03-09. Haka kwamfuta take jera su daidai, kuma ba mai rikita uku ga Satumba da tara ga Maris.

Wanda yake ganin wannan tsanani ne ya tuna abin da ya faru a Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan. A watan Agustan 2023 aka bayyana cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace, ko an sace su, ko an lalata su, har shugaban gidan, Hartwig Fischer, ya ajiye aiki. Abin da ya ƙara wahalar da neman su shi ne da yawa ba su da cikakken bayani a rajista, ba su da hoto. Tun 1997 aka fito da ƙa'idar Object ID ta rubuta bayanin kayan tarihi don a iya gane su, wadda yanzu take hannun ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, kuma matakin farko a cikinta shi ne ka ɗauki hoton abin. Amma hoton da ba a san na wane abu ba ne, da shi da babu duk ɗaya a gaban ɗan sanda.

Kuskure na biyu shi ne rajistar da aka rubuta "kyamara, 1". Wace kyamara? Da wane gilashi, wato lens? Batir nawa?

Akwai lokacin da aka ari jakar kyamara daga wurinmu don ɗaukar wani taro, ta dawo bayan kwana huɗu, na leƙa na ga komai yana nan, na rufe. Sai bayan wata biyu, ranar da zan ɗauki ƙananan duwatsun ado, na ga gilashin ya ƙi kusantar abu. Ashe gilashinmu na ɗaukar ƙananan abubuwa ya tafi, an maye shi da wani mai araha mai kama da shi a tsawo da launi. Na buɗe rajista, abin da ke ciki "gilashi, 1". To ga gilashi ɗaya a jaka, me zan ce ya ɓace? Jakar kuma ta bi hannun mutum biyar a wata biyun nan, ba wanda ya sa hannu a ko'ina. Ni aka tuhuma, kuma da gaskiyarsu, tunda mabuɗin yana wurina.

Kowane abu da zai iya rabuwa da ɗan'uwansa yana da layinsa a rajista. Jikin kyamara daban, kowane gilashi daban, filashi daban, ƙafar kyamara daban, makirufo, rakoda, majigi da rimot ɗinsa. A kowane layi akwai kamfani, samfuri, lambar masana'anta da ke jikinsa, ranar saye, halin da yake ciki, da inda yake kwana. Sannan in liƙa masa tamu lambar. Batura da katunan ajiya ma ina rubuta musu lamba da alƙalami, domin ranar da kati ya fara lalata hotuna, ina so in san wanne ne in jefar, ba in riƙa zargin duka shida ba. A cikin murfin kowace jaka akwai jerin abin da ya kamata a samu a ciki, a ƙirga gaban mai ɗauka, a sake ƙirgawa gabansa ranar da ya dawo da ita, a duba lambar jiki ba siffa ba.

Ku kuma sababbi, wannan kunyar taku ita ce za ta kashe ku. Babba ya shigo ya ce a miƙo masa rakoda yanzu zai dawo da ita, sai ku miƙa hannu bibbiyu, ku kasa cewa ranka ya daɗe ga littafi a sa hannu. Ranar da ta ɓace shi ba zai tuna ba, kuma ba ƙarya yake ba, mantawa ya yi da gaske. Littafin ba zargi ba ne. Ni da kaina, da mabuɗi a aljihuna, ina sa hannu idan zan fita da kyamara zuwa ɗakin da ke kusa. In mai mabuɗi yana sa hannu, ba wanda zai ji an raina shi. Kada kuma in sake jin "ai na turo maka saƙo a waya". Saƙon waya ba rajista ba ne, wayar tana iya faɗawa ruwa gobe.

A nan akwai wani tarko da ko tsofaffin hannu suna faɗawa. Kayan aiki da kayan tarihi ba sa zama a rajista ɗaya, ba sa kuma ɗaukar lamba iri ɗaya. Majigin da ake haska bidiyo da shi a zauren baƙi kayan aiki ne, in ya mutu a sayo wani. Amma wani lokaci na'urar tana cikin aikin fasahar kanta. Ayyukan Nam June Paik, mai fasahar bidiyo ɗan asalin Koriya wanda ya rasu a 2006, da tsofaffin akwatunan talabijin masu ƙeya aka gina da yawansu, kuma an daina ƙera irin waɗannan akwatuna. Wanda ya rubuta irin wannan talabijin a jerin kayan ofis, wata rana mai gwanjon tsofaffin kaya zai kwashe ta da izinin hukuma. Kafin ka ba na'ura lamba, tambayi mai kula da tarin kayan tarihin ko tare da wani aiki ta shigo.

Excel ma, wato manhajar da ake rubuta rajista a ciki, yana da nasa sharrin, kuma shiru yake yi. Ka rubuta lambar masana'anta 004512, ya cinye sifilin gaba ya bar maka 4512. Ka rubuta 2019.10, ya mayar da ita 2019.1, rukuni na goma ya koma na ɗaya. Lambar da ta wuce alƙaluma 15 kuwa, sauran sai ya mayar da su sifili, ba kuma za su dawo ba. Mayar da gurbin lambobin gaba ɗaya zuwa na rubutu, wato Text, tun kafin ka shigar da lamba ko ɗaya. Kuma rajista ɗaya tak ake riƙewa, da mutum ɗaya mai ikon gyara ta. Da zarar ka ga "rajista ta ƙarshe" da "rajista ta ƙarshe gyararriya" a kwamfuta biyu, to babu rajista.

Ba kaya kaɗai ake bi ba, aikin ma ana bin sa. Ina da shafi guda da nake rubuta lambar abu, ranar ɗauka, wanda ya ɗauka, kyamara da gilashi, irin hasken, fuskoki nawa aka ɗauka, da matakin da aikin ya kai: an ɗauka, an gyara launi, an duba, an ajiye. Amfaninsa ya fito ranar da na gano ƙura a cikin wata kyamara tana barin ɗigo a kusurwar kowane hoto. Cikin minti kaɗan na san hotunan da za a sake dubawa, maimakon in bi dubbai ɗaya bayan ɗaya. Wannan shafi kuma shi ke hana a fito da tufa ko takarda sau biyu don hoto ɗaya. Irin waɗannan kaya a hasken da bai wuce lakis 50 ba, wato haske mai rauni a ma'aunin haske, ake nuna su, kuma ɓarnar haske taruwa take yi, launin da ya kuɗe ba ya dawowa.

Goge kati kuwa, ba na yi sai hotunan sun zauna a wuri biyu na kuma buɗe su na gani da idona. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Wannan na ƙarshen shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A ranar 2 ga Satumban 2018 gobara ta cinye Gidan Tarihin Ƙasa na Brazil a Rio de Janeiro, mai kaya kusan miliyan 20, har da muryoyin da aka naɗa na harsunan 'yan asalin ƙasar. Rumbun ajiya da ke cikin durowa a ɗaki ɗaya da kwamfuta, wuta ɗaya ce za ta ci su tare.

Sauran ƙanana ne, amma ina ganin su kullum. Saita agogon kyamara, in ba haka ba duk hotunanka za su ɗauki kwanan watan ƙarya. Kada fayil ɗin hoto irin JPEG ya zama uwar kwafi, wato kwafin asali, domin yana zubar da bayani duk sanda aka gyara aka sake ajiye shi. Fayil irin TIFF, wanda ba ya zubar da bayani, ake ajiyewa, JPEG na rabawa ne. Cire batura daga rimot da rakoda in za su daɗe a ajiye, suna yoyo su cinye ƙarfen ciki. Batirin litiyam a bar shi da kusan rabin caji. Gilashi a wuri mai laima yana yin fumfuna, a ajiye shi da ƙullin maganin laima. A riƙa rubuta awoyin fitilar majigi duk wata, kada ta mutu ranar buɗe baje koli.

Sai tsofaffin na'urorin kaset da sabon ma'aikaci yake gani a sito ya ce shara ce. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset ɗin VHS, ya daina a 2016. Idan gidanku yana da kaset ko ɗaya da ba a juye zuwa kwamfuta ba, wannan na'ura mai ƙura ita ce kaɗai hanyar jin abin da ke ciki. Ba ta lamba, rubuta ko tana aiki, ajiye wayoyinta da rimot a jaka ɗaya da ita. Ko matacciyar ma kada a yar, kayan cikinta za su tayar da wata.

Ƙirgar shekara kuma ta fuska biyu nake yin ta. Ina ɗaukar rajista in nemi kowane layi a kan kanta, sannan in ajiye ta, in bi kanta abu bayan abu ina neman sa a rajista. Ta farko tana nuna abin da ya ɓace, ta biyu tana nuna abin da aka sayo ba a rubuta ba, kuma shi ne ya fi saurin yin ƙafa. A ƙirgar bara, ta biyun ce ta fito mini da makirufo biyu sababbi fil a cikin kwalinsu, a bayan kabad, ba wanda ya san da zamansu.