Yadda za ka tantance labari kafin ka tura shi gaba

Duk wanda ya daɗe a Kaduna ya san awa guda ta isa gari ya hautsine. Wani zai ce an fara a Sabon Tasha, wani ya ce a'a, a Rigasa ne, kafin ka ce kwabo 'yan Kasuwar Gumi sun fara jan ƙofofin shaguna, masu Keke Napep sun ƙi tsallake gada, iyaye mata sun bazama makarantu neman 'ya'yansu. A watan Oktoban 2018, bayan rikicin Kasuwan Magani da 'yan sanda suka ce ya ci rayuka 55, cikin 'yan kwanaki tashin hankalin ya shigo cikin gari, jita-jita na ƙara zuga shi, har sai da gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24. A da labari sai ya bi baki da baki. Yanzu yana cikin aljihun kowa, kuma kowannenmu yana iya zama wanda zai kai shi unguwa ta gaba. Ga matakan da nake ganin ya kamata mutum ya bi tsakanin shigowar saƙo da danna maɓallin turawa.

Mataki na farko: ka lura da abin da saƙon ya yi wa zuciyarka

Kafin ka binciki saƙon, binciki kanka. Idan ka karanta gabanka ya faɗi, ko ranka ya ɓaci, ko ka ji wani daɗi don an tona asirin wanda dama ba ka ƙauna, to ajiye wayar na ɗan lokaci. Wanda ya ƙera ƙarya ya san mai fushi da mai tsoro ba sa tsayawa tambaya. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Sun gano cewa labarin gaskiya kan ɗauki ninki shida na lokacin da na ƙarya ke ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500, kuma mutane ne da hannunsu suka fi yaɗa na ƙaryar, saboda ƙarya ta fi zuwa da abin mamaki.

Akwai kalmomin da in ka gan su sai ka ƙara taka-tsantsan: "tura wa mutum goma", "yi sauri kafin a goge", "gidajen rediyo ba za su faɗa maka wannan ba", ko a haɗa ka da Allah da Annabi cewa kada saƙon ya tsaya a wayarka. Mu tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka riƙa tashin mutane da asuba ana cewa su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha. An rasa rayuka, an kwantar da wasu a asibiti. Waɗanda suka buga wa 'yan uwansu waya a daren ba mugaye ba ne, ƙauna ce ta sa su. Abin da ya sa lamarin ke da wuya ke nan: mafi yawan masu yaɗa ƙarya suna ganin taimako suke yi.

Mataki na biyu: nemi isnadin labarin

Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa. Wannan tarbiyya tamu ce, ba sai an koya mana daga waje ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da neman bayani idan an zo mana da labari, don kada mu cuci wasu cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Hadisi kuma ya zo a gabatarwar Sahihu Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Maƙwabtanmu Kirista ma suna da haka a littafin Fitowa 23:1, inda aka hana baza labarin ƙarya.

A aikace, dubi saman saƙon. Idan WhatsApp ya sa masa kibiyoyi biyu, ya ratsa hannuwa da yawa kafin ya iso gare ka, kuma wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba. Idan saƙon murya ne, saurara ko mai maganar ya faɗi sunansa, da inda yake, da ranar da abin ya faru. "Wani ƙanin matata soja ne ya gaya min" ba isnadi ba ne. Sai ka kira wanda ya turo ka tambaye shi kai-tsaye: da idonka ka gani? Sau da yawa amsar ita ce, "Wallahi ni ma a wani guruf na gani."

Mataki na uku: hoto da bidiyo ma ana bincikensu

Mun taso da cewa gani ya kori ji, amma hoto a waya ba ganin ido ba ne. Yawancin hotunan da ake tayar da fitina da su na gaske ne, sai dai an ɗauke su a wani wuri ko a wata shekara aka liƙa musu sabon labari. A watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook. Binciken BBC ya nuna cewa hoton wani jariri da aka ce a can aka sassare shi ya riga ya fito a Facebook watanni kafin rikicin, wani bidiyo kuma na mutumin da aka sare wa kai an ɗauke shi ne a Kwango-Brazzaville tun 2012, kuma 'yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya.

Ajiye hoton a wayarka, buɗe manhajar Google, danna alamar kyamara ta Google Lens, ka zaɓi hoton. Za ta nuna maka wuraren da ya taɓa fitowa. In ka same shi a wani shafi mai kwanan watan bara, magana ta ƙare. Idan bidiyo ne, tsayar da shi a inda ya fi fitowa sarai, ɗauki hoton fuskar wayar, ka bincika haka. Sannan ka yi amfani da idonka na ɗan gari. An ce jiya aka ɗauka a Kawo, amma ciyawa kore shar alhali muna tsakiyar hunturu? Lambar motar ta Najeriya ce? Wane harshe ake yi a bayan mai ɗauka, kuma kakin jami'an irin namu ne?

Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, ana kwaikwayon muryar malami ko ɗan siyasa a sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. In ka ji wani sananne ya yi maganar da ba ta yi kama da shi ba, nemi cikakken karatun ko cikakkiyar hirar. Yankin daƙiƙa talatin bai isa a yanke wa mutum hukunci ba.

Mataki na huɗu: tambayi wanda ke wurin

In an ce ana rikici a Kakuri, kira wanda ka sani a Kakuri, ka tambaye shi abin da yake gani a ƙofar gidansa. Kunna Rediyon Tarayya na Kaduna, ko KSMC, ko Freedom, ko Liberty. Duba shafukan masu bin diddigin labarai kamar Dubawa da Africa Check da Alkalanci, wanda ke aiki da Hausa. Kada ka ɗauka ganin saƙo ɗaya a guruf biyar shaidu biyar ne. Masana halayyar ɗan Adam sun nuna tun 1977 cewa maimaita magana kawai na sa ƙwaƙwalwa ta fara ɗaukarta gaskiya.

Mataki na biyar: idan labarin maƙarƙashiya ne, raba gaskiyar da abin da aka jingina mata

Nan ne aikin ya fi nauyi, domin labarin maƙarƙashiya ba ya tsiro a banza. Ɗauki rigakafin shan inna. A 2003 an dakatar da allurar a Kano da Zamfara da nan Kaduna, bisa zargin an sa mata sinadarin hana haihuwa. Wanda ya kira iyayenmu jahilai a kan wannan bai yi musu adalci ba. Shekara bakwai kafin nan, a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya shafi yara 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ga kuma tambayar da talaka ke yi, mai ma'ana ƙwarai: asibiti babu maganin zazzaɓin cizon sauro sai na saya, me ya sa wannan ake biyo ni da shi har gida kyauta?

To amma gaskiyar abin da ya faru a 1996 ba ta tabbatar da zargin 2003 ba. Kano ta koma yin allurar a watan Yulin 2004 da maganin da aka samo daga Indonesiya, bayan cutar ta riga ta shanye ƙafafun yara da dama ta kuma tsallaka wasu ƙasashe. An ci gaba da ɗiga wa yara maganin shekara da shekaru, waɗanda aka ɗiga wa sun girma sun yi aure suna ta haihuwa, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Yaran da suka shanye a tsakanin nan su ne suka biya farashin, kuma har yau muna ganinsu a kan tituna.

Saboda haka ka yi wa irin wannan labari tambayoyi. Wane ɓangare ne ke da shaida, wane ne aka ɗora a kai? Mutum nawa ne za su haɗa baki su yi shiru kafin asirin ya rufu? Lokacin da aka ce Shugaba Buhari ya rasu an kawo wani Jibrin daga Sudan, har sai da ya fito a Poland a watan Disambar 2018 ya ce shi ne da kansa, sai ka lissafa: iyalinsa, 'yan Daura da suka san shi tun yana yaro, da abokan hamayyarsa da za su fi kowa murnar tona asirin, duk sun haɗa kai? Lokutan sun dace? An ce na'urar 5G ce ta kawo korona a 2020, alhali ba a fara sayar da 5G a Najeriya ba sai 2022. Tambaya mafi muhimmanci kuma: wace shaida ce za ta sa mai labarin ya yarda ya yi kuskure? In duk hujjar da aka kawo masa sai ya ce ai ita ma cikin shirin take, to ya toshe ƙofar bincike.

Abin da ke sa irin wannan labari shiga rai shi ne yana ba wahala fuska. Mutumin da aka sace ɗan uwansa a hanyar Birnin Gwari, ga tsadar abinci, ga ba wanda ya yi masa bayani, ya fi samun sauƙin yarda cewa wasu ne suka zauna a ɗaki suka tsara masa wannan, a kan ya yarda cewa sakaci ne da rashawa da suka taru shekara da shekaru. Ina tausaya wa mai wannan hali, amma a gari irin namu, "wasu" ɗin nan kan zama mutanen ɗaya gefen kogi.

Mataki na shida: wa zai ci riba?

Sojojin baka ba sabon abu ba ne a siyasar Arewa, daga rediyo suka koma waya. Gab da zaɓen 2023 binciken BBC ya nuna jam'iyyu na biyan masu tasiri a kafafen sada zumunta a ɓoye don su yaɗa ƙarya kan abokan hamayya. Don haka ka fi tsananta bincike a kan labarin da ya yi wa ɓangarenka daɗi, domin shi ne ba za ka so ka bincika ba. Hukumomi ma suna da nasu laifin. Duk ranar da aka musanta abin da mutane suka gani da idonsu, an ƙara wa mai ƙarya kasuwa. Ka kuma sani cewa dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, na iya hawa kan wanda ya yaɗa ƙaryar da za ta jawo tashin hankali.

Mataki na bakwai: gyara wa wanda ya turo ba tare da ka kunyata shi ba

In ka gano ƙarya ce, kada ka tsaya a cikin guruf na dangi ka ƙaryata kawunka a gaban 'ya'yansa da surukansa. Zai kare labarin ne don kare girmansa. Kira shi gefe, a gaisa, ka tambayi iyali, sannan ka ce: "Kawu, Allah ya ƙara girma. Saƙon nan da aka turo muku, na duba, ashe hoton na wata ƙasa ne, tun shekarun baya. Ga inda na gani. Na ce bari in sanar da ku, don in daga bakinku gyaran ya fito za a fi ji." Ka lura ka ce "aka turo muku", ba "kuka turo" ba. In malami ne, ka fara da "Allah gafarta Malam", ka kawo abin a matsayin tambaya. In yana da wani ƙorafi na gaskiya a ƙarƙashin labarin, ka amsa masa cewa wannan ɓangaren haka yake, sannan ka nuna inda aka yi ƙari.

Wajen yin gyara kada ka sake tura hoton ko muryar, rubuta gaskiyar kawai. Idan kai ne mai kula da guruf, ku yi yarjejeniya tun ana zaman lafiya cewa duk labarin rikici sai an faɗi wuri da lokaci da wanda ya gani. Ranar da gari ya ɗauki zafi kuma, shiga saitin guruf ɗin ka mayar da shi sai masu kula kaɗai ke iya tura saƙo, har ƙura ta lafa.